Hanyoyin da Kika Ce In Zana Miki

Illela, ranar Laraba

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ki kin sauka Abuja lafiya, kin sami masauki, kin kuma gane alƙibla a ɗakin da aka ba ki. Allah Ya tsare ki a tafiya da zama, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Mahaifiyarki ce za ta sa takardar a ƙasan jakarki, domin na roƙe ta kada ki gan ta sai kin isa.

Kin san ba na iya doguwar magana da ke ido da ido. Ke ce ta fari, ga shi kuma sunan mahaifiyata kika ci, kunya biyu ke nan ta haɗu mini. A takarda kuwa bakina yakan buɗe.

Makon jiya kin same ni a shago. Kika ce cibiyar da ta ɗauke ki koyon aiki, wadda ke bincike a kan kimiyya da fasaha da manufofin tsaron ƙasa, ta sa ki cikin masu nazarin iyaka. Kika ce Dakta, matar da za ki yi aiki a ƙarƙashinta, ta yi murna da ta ji ke 'yar Illela ce. Ta ce ki taho mata da zanen ƙananan hanyoyin da mutanenmu ke bi su ƙetara zuwa Konni ta Nijar da ƙauyukanta ba tare da sun bi ta babban titi ba, domin suna rubuta wa hukuma shawara a kan inda ya dace a kafa kamarori da inda jirage marasa matuƙa za su riƙa shawagi. Kika ƙara da cewa ɗalibai da yawa suka nemi gurbin, kaɗan aka ɗauka, kuma wanda ya nuna amfaninsa shi ake riƙewa bayan an gama. Sannan kika ce, "Baba, ka fi ni sanin hanyoyin nan, ka zana mini."

Na ce miki bari in yi tunani, na ci gaba da goge batirin da ba shi da datti. Na ga ranki bai so ba. Ba ƙin taimakonki na yi ba. Tambayar ce ta taɓa mini wurin da na daɗe ina kewayewa. Kin san al'adata ta rubuta abin da ya faru jiya bayan sallar asuba. Kwanakin nan na koma na karanta wasu na da, sai na tarar sau da yawa na rubuta kaina da sauƙi fiye da yadda abin ya kasance. A nan zan yi ƙoƙari kada in yi wa kaina wannan ragowar.

Shekarar da na gama sakandare ina zaune ba aiki, sai yawo da biro a aljihun gaba don a san na yi boko. Wata rana wasu baƙi suka zo da farar mota suna tambayoyi da Turanci, aka rasa mai amsa musu, aka aika a kira ni. Tambaya ɗaya suka yi mini, ta ina jakuna ke bi da hatsi. Ni kuwa na zuba kamar an fasa tulu. Na shiga motarsu, karo na farko da na zauna a mota mai sanyi, na kai su bayan Amarawa, na nuna musu wata tsohuwar kuka mai kogo inda hanya ke rabuwa, na nuna musu inda ake ƙetare fadama da rani da inda ake bi in ruwa ya sauka. Har abin da ba su tambaya ba na faɗa. Ɗayansu ya dubi ɗan'uwansa ya ce yaron nan yana da kai. Na yi kwanaki ina maimaita wa kaina maganar nan kamar karatun allo.

Kafin damina ta faɗi aka kafa shinge a gindin kukar. Manyan masu fasa-ƙwauri ko kwana ɗaya ba su yi asara ba, suna da motoci suna da mutane, suka sake hanya. Waɗanda shingen ya tsare su ne mata masu tallar nono, da tsofaffi masu zuwa gaisuwar mutuwa, da manoman da gidansu ke nan gonarsu ke can. Tafiyar da suke yi kafin hantsi ta koma sai azahar. Da labari ya kai ga kakanki bai ɗaga mini hannu ba. Ya kira ni zaure ya ce, "Kai ka share hanyar ga?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ubanka ya share ta?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To don mi ka yi kyauta da abin da ba naka ba?" Ya ci gaba da jan carbinsa. Da ya doke ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da nake so ki ɗauka a nan, Ummi, ba wai baƙin nan miyagu ba ne. Aikinsu suka yi. Ni ne yabo ya kwance wa baki. Za ki zauna da mutanen da suka fi ki karatu da shekaru, kuma ranar da ɗayansu ya ce yarinyar nan tana da kai za ki ji daɗin da ba ki taɓa ji ba. A daidai lokacin nan ki tsaya ki tambayi kanki, amsar da zan bayar don ta yi amfani ne, ko don a sake faɗin haka? Kuma kafin ki miƙa wani bayani ki tambaya da ladabi, wa zai karanta, me za a yi da shi. Ba rashin kunya ba ne. Ni ban tambaya ba, mai ƙwaryar nono ce ta biya.

Sai dai kada ki ɗauka darasin ya tsaya a nan, domin ni na ɗauka ya tsaya, kuma wannan ya jefa ni cikin kuskuren da ya fi na farko nauyi.

Bayan abin kukar nan na ɗinke bakina. Na yi wa kaina alkawari ba mai sake jin komai daga gare ni. Shekaru suka wuce, na buɗe shagon caji da kayan sola, kina firamare a lokacin. Sai wasu mutane suka fara zuwa ranar kasuwa da jaka cike da wayoyi a yi musu caji. Suna sayen batira da ƙananan faranta na sola, ba sa taya farashi. Kin san garinmu, duk baƙon da ya shigo kasuwa yana da mai masauki. In ka ce wancan fa, za a ce maka baƙon wane ne, daga gari kaza yake, ubansa ma nan yake sauka. Waɗannan ba baƙin kowa ba ne. Ba sa tambayar lafiyar kowa, ba wanda ke tambayar tasu. Na lura da wannan sarai, har na rubuta shi da asuba. Mahaifiyarki ta ce in je in shaida wa mai unguwa. Na ce mata mai shago ba ɗan sanda ba ne, kuma na taɓa magana sau ɗaya na ga abin da ta haifa.

Bayan girbi aka afka wa rugar Ardo Juli, abokina da kika sani, wanda matarsa ke aiko mana da man shanu. Aka kore musu shanu, aka doki ƙanensa Sambo a ƙafa, har yau da sanda yake tafiya. Ba zan rantse cewa masu wayoyin nan ne ba. Abin da na sani, tun daga ranar ba su sake zuwa shagona ba. Da na je jaje Ardo ya sa aka kawo mini nono, na kasa sha. Na gaya masa abin da na gani da yadda na yi shiru. Da na gama ya ce, "Da ka hwaɗi, da mun matsa kusa da gari." Iyakar abin da ya ce ke nan, bai sake tayar da maganar ba.

Don haka kada ki shiga cibiyar nan da zuciyar cewa su abokan gaba ne, mu kuma masu gaskiya. Hanyoyin da ake bi da daddawa da tabarmi, su ake bi da bindiga. Dakta ba ta yi laifi ba da take son ganin abin da ke wucewa, ni ma ina so a gani. Idan kika san abin da zai tsare ran mutum, ki faɗa, ki faɗa wa wanda ya dace, kada ki jira sai kin tabbata ɗari bisa ɗari. Na ɗauka shiru ba ya ɓata hannu. Duk ranar da na ga Sambo yana jan ƙafa a kasuwar dabbobi nakan tuna ba haka ba ne.

Kin ga inda na tsaya ke nan. Na yi magana na cuci mutane, na yi shiru na cuci mutane. Wanda ke da irin wannan tarihi bai kamata ya yi saurin ba da shawara ba, shi ya sa na ce miki bari in yi tunani.

Akwai wani kuskuren da ya fi kusa da karatunki, shi kam yanzu ina iya dariyarsa. Lokacin da aka ce kowane layin waya sai an yi masa rajista da katin shaida, mutanen ruga da yawa ba su da kati. Ardo ya zo ya ce in taimaka. Na yi masa layi da sunana. Surukinsa ya zo, na yi masa. Wani tsoho da ke kawo mini kaji ya zo, na ji kunyar hana shi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, zumunci ne. Damina ta faɗi, layin surukin Ardo ya bi shanu arewa can cikin Nijar, na tsohon yana Garu, ni ina shago. Rannan aka kira ni wani ofis a Sakkwato. Jami'in ya juyo mini da kwamfuta ya ce, "Malam, ranar Jumma'ar nan kana ina?"

Na ce ina shagona, daga nan masallaci.

Ya ce, "Na'ura ta ce kana cikin Nijar."

Na ce ban je ba.

Ya ce, "Ta kuma ce a ranar kana Garu. Malam, tsakaninka da Allah, kai mutum nawa ne?"

Na yi masa bayani tun daga farko. Ya yi dariya har ya kira na kusa da shi ya zo ya ga mutumin da ke kiwo a ƙasar waje yana sayar da batir a Illela. Sannan dariyar ta ɗauke. Ya ce da ɗaya daga layukan nan ya kira wata lambar da suke bi, da ba a kujera zan yi wannan bayani ba. Daga nan ya sallame ni na dawo gida.

Abu biyu na koya. Na farko naki ne ke kaɗai: sunanki, da katin shigarki ofis, da lambobin sirrin kwamfutarki, kada kunya ta sa ki ara wa kowa, ko da ƙawar da kuke cin abinci kwano ɗaya ce. Na biyu na aikinku ne. Na'urar nan ba ƙarya ta yi ba, layukan sun je inda ta ce. Abin da ba ta sani ba shi ne hannun da ke riƙe da wayar. Ke kin tashi a gidan da waya ke yi wa mutum barka da zuwa Nijar yana kwance a kan gadonsa. Kin san gida guda na iya amfani da waya ɗaya, kin san mai layi biyu a nan ba lalle mai ɓoye wani abu ba ne, wataƙila 'yarsa ke aure a Konni. Wanda ya tashi a Abuja ba zai san wannan ba sai an gaya masa, kuma ba laifinsa ba ne. In kin ga sun ɗauki ɗigo a kan taswira sun mai da shi mutum, ki ɗaga hannu. Ina ganin wannan ya fi zanen hanya amfani gare su, ko da yake ni ba masani ba ne, mai yiwuwa na yi kuskure.

Ga wani ƙarami, amma yana damuna. Na taɓa yin 'yan watanni a Kaduna ina koyon haɗa sola. Abokan koyona da suka ji daga inda na fito sai suka sa mini suna Fasa-ƙwauri. In na shigo sai a ce, "Ɗan Illela, ina ka ɓoye shinkafar?" Ni na fi kowa dariya, har ina ƙara musu da labaran da ban gani ba don a so ni. Wata rana hira ta koma ta gaske, wani ya ce mutanen iyaka duk ɓarayi ne, a rufe ta a huta. Na buɗe baki in yi musu, sai na tarar ba ni da abin faɗa, domin ni na ba su hujjar da bakina. Za a tsokane ki da garinku, za a kwaikwayi maganarki. Ki yi dariyar abin da ya cancanci dariya, mu ma muna tsokanar Kanawa. Amma kada ki sayi zama a cikinsu da mutuncin mutanenki, ranar da za ki buƙace shi ba za ki same shi ba.

Yanzu ga abin da na yi a kan roƙonki. Tunda hanyoyin ba nawa ba ne, na rufe shago na je wurin masu su.

Na fara da Ardo Juli, can bayan Darna, a kan maganar burtalin da shanunsu ke bi. Na yi zaton zai ƙi, har na shirya yadda zan ba shi haƙuri. Da na gama bayani sai ya gyara zama ya ce, "Burtali? Ta zana shi! Ta zana shi da jan biro, mai kauri."

Na ce, "Ardo, ka gane kuwa? Jirgi zai riƙa bin ku ta sama."

Ya ce, "Na gane. Kowace damina gona na cin burtalin ga taki guda. In mun yi magana a ce ina takarda. To ga takarda ta zo har gida, in kore ta? In jirgin nasu na da ido, shi duba muna wa ka bin bayanmu." Sai ya ɗaga yatsa. "Amma ta rubuta musu muna hawa arewa in ruwa ya sauka, muna dawowa bayan girbi, da mata da yara da 'yan maruƙa. Kada su hangi ƙura su ce yaƙi ya taso. Ta sa rijiyoyin da muke shayarwa. In za ta sa hanya ba mutane, ta bari."

Sambo yana gefe yana saƙar igiya, har lokacin da zan tashi. Ya ce in gaishe ki, in ce miki ki yi karatu da kyau.

Daga nan na wuce gidan Gwaggonki Kulu. Kin san tun rasuwar mijinta da hanyar bayan fadama take ci da marayunta, ta kai daddawa da tabarmi ƙauyukan can, ta sayar ta karɓi sefa, ta biya ta ga 'yarta, ta dawo kafin la'asar. Na same ta tana shanya kalwa. Ban kai ƙarshen magana ba ta miƙe.

"Mi? Hanyata? Auta, kai har yanzu ba ka yi hankali ba?"

Na ce, "Yaya, ki saurara. Kamara ce kawai, ba shinge ba."

Ta ce, "Duk abin da anka kafa bisa hanya, bayanshi mutum na zuwa da sanda. Yau kamara, gobe a ce kawo takarda, jibi a ce sauke kaya. Lokacin da anka ruhe iyaka wa ya kwana da yunwa, masu tirela ko ni?"

Na ce mata ai miyagu ma suna bi ta nan.

Ta ce, "Na hi ka sani. Ni ka ganin sawun baburansu da sahe, kai kana shago kana shan iska. Amma su hanya goma gare su, ni guda. In an toshe, su sake wata, ni in sake mi?"

Na tsaya ina kallon kalwa. Can ta sassauta, ta ce, "Ita Daktar ga, mace ta?" Na ce mace ce. Ta ce, "To ta zo. Ranar kasuwa, da ƙahwa, in aza mata tabarma guda bisa kai. Ta ga wa ka bi, ta ga mi a cikin kayansu. In mun kai mun dawo ta zana abin da ta ga dama, ni zan riƙa mata takardar. Tuwo kuma ba ta rasawa gidan ga." Ba da wasa ta faɗa ba, kin san ta.

Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce, "Auta, ka yi man alkawali Ummi ba ta ba da hanyar ga."

Na ce na yi.

A cikin takardar nan za ki ga wata guda a ninke. Zanen burtali ne tun daga inda ya shigo ƙasarmu, da rijiyoyin, da maganar Ardo kamar yadda ya faɗe ta. Na zana da jan biro. Wannan ki miƙa shi da hannu biyu, masu shi sun yarda, amma kada ki bari a raba zanen da bayanin. Hanyar Gwaggonki ba ta ciki, haka ma sauran ƙananan hanyoyin da ban sami masu su na tambaya ba.

Na san wannan ba shi Dakta ta nema ba. Ga abin da nake ganin za ki ce mata, in kin ga ya dace. Ki ce kin tambayi masu bin hanyoyin, wasu sun yarda wasu sun ƙi, ki faɗi dalilin kowa ba ragi ba ƙari, har da sawun baburan. Ki isar mata da gayyatar Gwaggonki yadda take. Kada ki ce ba ki san hanyar ba, wannan ƙarya ce, kuma wanda ya fara aikin bincike da ƙarya ban san inda zai ƙare ba. Ki ce kin sani, ba a ba ki izini ba. Mai yiwuwa ta ga wannan ma bincike ne. Mai yiwuwa kuma ta ga an aiko mata da yarinya mai taurin kai, ta juya ga wani ɗalibin. Ban san ta ba, ba zan yi miki alkawarin abin da za ta yi ba.

Haka kuma abin da suka ce miki sirrin aiki ne, ki riƙe musu shi kamar yadda kike riƙe na gida. Ko ni na tambaye ki kada ki faɗa. Gwaggonki za ta kira ki ta ce wace rana jirgin ke tashi, ki gaishe ta ki tambaye ta farashin daddawa. Kada ki yi maganar aiki a waya cikin motar haya. Ki ci abinci a kan lokaci, mahaifiyarki ta ce in rubuta wannan, ta ce ta san halinki in kin sa kai a kwamfuta.

Saura abu ɗaya, shi ya fi hana ni sukuni. Hanyar bayan fadama kin san ta. Kin bi ta da ƙafarki lokacin bikin 'yar Gwaggonki, kin san inda ake karkata a bar dutsen nan a hannun dama. Ba kya buƙatar biro na. Ba zan iya cire ta daga kanki ba, kuma ke za ki zauna a gaban Dakta, ba ni ba. Na san irin wahalar da kika sha kafin ki sami gurbin nan, na san abin da riƙe ki a wurin zai zama a rayuwarki. Duk da haka na tsaya a ƙofar yayata na yi alkawari da bakinki ban tambaye ki ba. Tun ranar nake juya abin, ban tabbata ina da wannan hakkin ba. Ke ba yarinya ba ce yanzu, kuma zai yiwu ki ji a can abin da ni da Gwaggonki ba mu sani ba, wanda zai sa ki ga ba da hanyar shi ne daidai.

Ra'ayina dai kin ji shi, kada ki bayar sai mai ita ta yarda. In kin bi wannan suka ce ba su da buƙatarki, ki gama watanninki da mutunci ki dawo, ba wanda zai ce kin gaza a gidan nan, ni zan je tasha in ɗauko jakarki. In kuma kin auna kin ga sai kin bayar, ki kira ni kafin ki miƙa, kada Gwaggonki ta fara ji daga bakin mai sanda. Ni zan je in tsaya a tsakar gidanta in gaya mata. Ni na yi alkawarin, ni zan sha faɗan.

Allah Ya ba ki basirar gane daidai da ƙarfin zuciyar bin sa. Ya sa ki fi ni sanin lokacin magana da lokacin shiru. Ya tsare mutuncinki da addininki da lafiyarki, Ya sa albarka a abin da za ki koyo, Ya amfani ƙasar nan da shi har da mu na bakin iyaka. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Mahaifinki